Haƙorin Zinare: Wanda Likita Ke Yabo Daban, Na Makka Daban

A watan Oktoba na 2025 farashin zinare a kasuwar duniya ya haura dala 4,000 kan kowace oza, karo na farko a tarihi. A watan Maris na wannan shekarar ya fara taɓa 3,000, alhali a 2020 mamaki ake yi da ya kai 2,000. Masu haɗa lefe da 'yan kasuwa su suka fara jin abin a jikinsu, amma tsadar ta leƙa har cikin bakin mutane. Maniyyatan da ke shirin tashi daga filin jirgin Garwa a arewacin Kamaru, musamman mata, da yawansu kan ware kuɗin haƙorin Makka a cikin guzuri, kuma yanzu lissafin ya canza.

Ana cikin haka sai magana ta rabu biyu. A waya ana yawo da bayanan likitocin Turai da Amurka masu cewa babu abin da ya kai zinare ƙarko a baki. A asibitocinmu kuma likitan haƙori na ce wa Hajiya ta zo a cire nata, domin shi ke sa dasashinta jini. Mai sauraro sai ya rasa na kamawa. Duka maganganun biyu gaskiya ne, kowanne da abin da yake nufi, suna ne kawai ya haɗa su.

Abu biyu, suna ɗaya

Na farko shi ne hular haƙori, wadda ma'aikatan asibiti a nan ke kira kuron da Faransanci. Magani ce, ana yi wa haƙorin da ya riga ya samu rauni: kogo ya cinye fiye da rabinsa, ko ya tsage, ko an cire masa jijiya ya zama mai saurin karyewa. Likita zai ɗauki hoto, ya yi allurar kashe zafi, ya rage haƙorin ta kowane gefe, sannan ya ɗauki awonsa da wani abu mai kama da ƙullu da ke daskarewa a baki. Awon nan ake kai wa ma'aikacin da ke haɗa haƙora. Shi zai fitar da samfurin haƙorin, ya gina hular da kaki a kansa, ya lulluɓe kakin da ƙasa mai jure wuta, ya ƙone kakin ya fice, ya ɗura narkakken zinare a gurbin da ya bari. Wanda ya taɓa tsayawa wurin masu zubin tukwane a kasuwar Marwa ya ga dangin wannan aiki, sai dai a nan kuskuren da bai kai kaurin gashi ba ma ana lissafa shi. Hular da ta fito ta haƙori ɗaya ce tak a duniya, ba za ta shiga wani ba. Aikin kan ɗauki zuwa biyu aƙalla.

Na biyu shi ne haƙorin Makka yadda aka fi yin sa. Kwanso ne siriri da aka riga aka buga da yawa, girma-girma. Mai sawa zai zaɓi wanda ya yi kusa da girman haƙorin, galibi na gaba ko na kusa da fiƙa, ya ɗan goge lafiyayyen haƙori in bai shiga ba, ya cika kwanson da siminti ya danna. Cikin mintuna an gama. Ado ne, kuma haƙorin da ake rufewa yawanci ba abin da ke damunsa.

Shi kansa zinaren akwai bambanci. Tsantsar zinare, wato karat 24, ya yi laushi da yawa, tauna za ta lotsa shi. Na sarƙa da ɗan kunne da ake sayowa a Saudiyya da Dubai yawanci karat 21 ne ko 22. Na likita ana gauraya shi da jan ƙarfe da azurfa da ɗan faladiyum ko filatinum don ya yi tauri, sai ya tsaya wajen karat 16 zuwa 18. Karat 18 na nufin kashi 75 cikin 100 zinare ne. Ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka ta kasa waɗannan gauraye gida uku, kuma kamfanoni da yawa na bin wannan rabo: na sama dole ya ƙunshi aƙalla kashi 60 na ƙarafan da ba sa tsatsa, cikinsu aƙalla kashi 40 zinare, na tsakiya aƙalla kashi 25, abin da ya gaza haka ƙarfe ne na gama-gari. Saboda haka zinaren da ake haƙowa a Betare-Oya ta Kamaru ko Tibesti ta Chadi, ko da na gaske ne, ba ya shiga baki yadda yake. Sai an tace shi, an raba shi da zaibar da masu haƙa ke kama shi da ita, an auna gaurayen.

Yadda zinare ya shiga baki

Tsohon abu ne. Mutanen Etruriya, a ƙasar Italiya ta yau, suna ɗaure haƙora da zinare ƙarni bakwai kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Zubin da aka bayyana a sama kuwa wani likita ne a Chicago, William Taggart, ya yaɗa shi a 1907, kuma daga nan hular zinare ta zama ma'aunin da ake gwada sauran da shi.

A wajenmu hanyar daban ce. Kafin jirgin sama ya zama ruwan dare, alhazan ƙasar Hausa da Barno da Adamawa ta nan suke bi: su haye kogi a Kuseri zuwa Fort Lamy, wato Njamena ta yau, su nausa Abashe, su ratsa Darfur har gaɓar Bahar Maliya. Tafiya ce ta shekaru, ana yi ana tsayawa neman guzuri, kuma unguwannin Hausawa da dama a Chadi da Sudan daga nan suka samo asali. Darajar da wannan wahala ta ba sunan Alhaji da Hajiya ita haƙorin ya gada. Dabino da zamzam da kallabi duk rabawa ake yi su ƙare, haƙori kuwa yana nan duk lokacin da aka yi murmushi. Shi ya sa mace kan dawo a tare ta da “Hajiya, mu ga haƙori,” kuma wadda ba ta saka ba sai ta yi ta bayani.

Abin da likita yake gani a jikin zinare

Fa'ida ta farko ita ce ba ya cin haƙori da yawa. Kowace irin hula sai an rage haƙori kafin ta samu wurin zama, kuma abin da aka goge ba ya tsirowa. Farin ɓawon nan mai tauri da ke rufe haƙori, a inda ya fi kauri ma bai wuce milimita biyu da rabi ba. Hular zinare na buƙatar a rage milimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a saman turmi, wato haƙorin tauna na can ciki, da wajen rabin milimita a gefen dasashi. Ta tangaran, ko ta ƙarfe da aka shafe da tangaran, na neman ɗaya da rabi zuwa biyu, domin tangaran in ya yi siriri fashewa yake. Bambancin rabin milimita a ido ba komai ba ne, amma a turmi shi ne tazarar da ke tsakanin injin likita da jijiya. Duk yadda aka matsa kusa da ita, haɗarin ta mutu daga baya na ƙaruwa.

Sai kuma rashin karyewa. Tangaran kamar faranti yake, yana da tauri amma ba ya lanƙwasa, in ƙarfi ya yi masa yawa sai ya ɓantare. Zinare yakan ɗan ba da kai ya koma ya zauna. A yankin da ake tauna kilishi da rake da aya da goro, ake fasa ƙashi a sha ɓargo, kuma ba a rasa tsakuwa a shinkafa ko gero, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Haka masu cizon haƙora cikin barci, waɗanda sau da yawa ba su san suna yi ba sai abokin kwana ya faɗa musu: turamensu na ɗaukar nauyin da ke farfasa tangaran, zinare kuwa yana jurewa.

Akwai kuma haƙorin da ke fuskantar hular, na sama ko na ƙasa, wanda mutane ba sa tunawa da shi. Tangaran in ƙyallinsa ya goge yakan zama kamar dutsen wasa wuƙa, yana cin lafiyayyen haƙorin da yake gogayya da shi a hankali. Zinare yana gogewa kusan daidai da yadda haƙori ke gogewa, su tsufa tare.

Fa'idar da ta fi duka nauyi tana bakin hular, wato layin da ƙarfe ya haɗu da haƙori a gindin dasashi. Hula ba ta ruɓewa, haƙorin da ke ƙarƙashinta ne ke ruɓewa, kuma ta wannan layi ɓarna ke shiga. In akwai 'yar kafa, yawu zai wanke simintin sannu a hankali, ƙwayoyin cuta su samu ɗaki, sukarin shayi ya riƙa kai musu abinci, asuwaki da buroshi kuma ba sa isa wurin. Zinare yana karɓar zubi da kyau, kuma saboda laushinsa likita na iya murza bakinsa ya kwanta a jikin haƙori har kafar ta kusa ɓacewa. Ga shi yadda yake buɗewa da tsukewa in an sha zafi ko sanyi bai yi nisa da na haƙori ba, don haka layin ba ya saurin saki. Ba ya tsatsa, ba ya wari, dasashi na zama lafiya kusa da shi in an goge shi sumul. Mutanen da jikinsu ba ya son zinare kaɗan ne ƙwarai. Ƙarfen nikel da ke cikin wasu huluna masu araha kuwa yana tayar wa mutane da yawa ƙaiƙayi da kumburi, musamman matan da ɗan kunnen gwangwani ke sa kunnensu ruwa.

Duk waɗannan su ke haɗuwa su ba da tsawon rai. Wani nazari da aka buga a Amurka a 2004 ya bi diddigin ayyukan zinare 1,314 da likita ɗaya, Richard Tucker, ya yi, wasu sun kai shekara 52 a baki, aka tarar sama da kashi 95 cikin 100 suna nan suna aiki. Dole a karanta wannan adadi da hankali, domin aikin gwani ne da ya shahara a wannan fanni, ba kowane hannu ke ba da irin wannan sakamako ba. Duk da haka yana nuna iyakar abin da zinare zai iya. Ga mutumin Mokolo ko Yagwa ko Bongor, wanda ganin likitan haƙori ke nufin kuɗin mota da kwana a gari, wani lokaci har jirgin ƙasa na dare daga Ngaundare zuwa Yawunde, aikin da ba za a koma kansa ba na da darajar da mutumin babban birni ba zai ji ba.

Inda ya gaza, da abin da ke gasa da shi

Launi ne babban cikas. A wasu sassan Mayo Tsanaga, a arewacin Kamaru, ruwan rijiya na ɗauke da sinadarin fuloraid fiye da kima, yara su tashi da haƙoran gaba masu tabon ja da ruwan ƙasa. Mai son ya rufe irin wannan tabo don ya saje da mutane, zinare ba zai biya masa buƙata ba. Zinare yana kuma kai zafi da sanyi, sabuwar hula kan yi tsami na 'yan makonni in jijiya na da rai. In yana gogayya da tsohon cikon nan mai launin azurfa, wasu kan ji ɗan fizga kamar ta lantarki. Hoton asibiti ba ya ratsa shi, don haka ruɓa a ƙarƙashinsa kan yi nisa kafin a gano.

Likitoci sun rabu a kan abin da ya fi. Masu goyon bayan zirkoniya, wani farin abu mai tsananin tauri da na'ura mai aiki da kwamfuta ke sassaƙawa, suna cewa yanzu ana yin ta siririya kusan kamar zinare, ba ta cika karyewa ba, in an goge ta sosai ba ta cin haƙorin da ke fuskantarta, ga araha ga fari. Masu riƙe da zinare suna amsawa cewa zirkoniya ta yaɗu ne daga farkon shekarun 2000, ba wanda ya ga ta shekara arba'in a baki tukuna, kuma taurinta na sa gyara ko cirewa ya yi wuya. A tsakaninsu akwai zubin ƙarfen kobal da kurom, mai launin azurfa. Shi ma siriri ne, ba ya karyewa, kuɗinsa kaɗan. Bakinsa bai kai na zinare kwanciya ba kuma ya fi shi tauri, amma ga turmin can ciki da ba a gani, yana ba da kaso mai yawa na amfanin zinare a farashin da talaka zai iya.

Dalilin da na Makka ke kawo matsala

In aka koma kan fa'idojin nan ɗaya bayan ɗaya, za a ga kwanson ado bai gaji ko ɗaya ba sai ƙyalli. An ce zinare na rage yawan abin da ake gogewa, to a nan lafiyayyen haƙori ne da bai kamata a taɓa ba sam. An ce bakinsa na kwanciya, kwanso kuwa ba a auna shi da haƙorin ba, siminti ne ya cike giɓin, siminti kuma narkewa yake. Bakin kwanson kan nutse cikin dasashi ko ya yi tsaye kamar baranda, abinci ya taru a ƙarƙashi. Daga nan sai jini in ana asuwaki, sai wari, sai dasashi ya ja baya. Saboda ƙarfe ya rufe komai, haƙorin na iya ruɓewa shekaru ba a sani ba, sai ranar da ya karye daga gindi ko fuska ta kumbura. Ba kowa abin ke samu ba. Akwai tsofaffin da nasu ya shekara talatin lafiya, galibi waɗanda aka dace da girman kwanson kuma suke tsaftace baki sosai. Amma dace ne, ba tsari ba.

Akwai kuma batun kayan aiki. Duk abin da ya taɓa dasashi ya taɓa jini. Arewacin Kamaru da Chadi na cikin wuraren da ciwon hanta nau'in B ya yi yawa, kuma a lokacin aikin Hajji bakunan mutane daga ƙasashe daban-daban ake bi ɗaya bayan ɗaya. Wurin da ba a dafa kayan aiki a tukunyar tururi ta asibiti, shafa musu sifirit ko ruwan zafi ba ya wadatarwa.

Lissafin kuɗi

Oza ɗaya giram 31.1 ce. A farashin dala 4,000, giram ɗaya na tsantsar zinare ya kama kusan dala 129, wato sama da sefa 70,000 a canjin wancan lokaci. Hular turmi kan ci giram biyu zuwa uku, wani lokaci fiye. In aka ɗauki giram uku na karat 18, zinaren da ke ciki kaɗai ya haura sefa 160,000, ba a sa ladan likita da na mai zubi ba. Mafi ƙarancin albashi a kamfanoni masu zaman kansu a Kamaru, ban da aikin gona, sefa 60,000 ne, haka ma a Chadi. Ke nan ƙarfen kawai ya kusa cinye albashin wata uku. Shirin inshorar lafiya na ƙasa da Kamaru ta ƙaddamar a watan Afrilu na 2023 ya fara ne da mata masu ciki, zazzaɓin cizon sauro na yara, wankin ƙoda da makamantansu, hular haƙori ba ta ciki. Daga aljihu ake biya.

Wannan lissafi na da wani amfani. Duk wanda aka ce za a sa masa haƙorin zinare a kuɗin da bai kai na giram ɗaya ba, ɗayan biyu ne: ko zinaren gaske ne amma siriri kamar ɓawon albasa, wanda tauna za ta huda, ko kuma tagulla ce ko ƙarfe da aka yi wa ruwan zinare. Ruwan kan goge cikin watanni, tagulla kuma ta yi baƙi ko kore a gefen dasashi. Tsadar zinare na ƙara wa masu irin wannan ciniki kasuwa.

Matsayin malamai

Haƙorin Makka ba ya cikin rukunan Hajji ko wajibansa ko sunnoninsa, a kan wannan babu saɓani. Hadisi ya tabbata cewa zinare da alharini halal ne ga matan al'umma, haram ne ga mazanta, shi ya sa alhazai maza da yawa ke zaɓar na azurfa. Sai dai akwai hadisin Arfaja ɗan As'ad, wanda Abu Dawud da Tirmizi da Nasa'i suka ruwaito: an yanke masa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi wari, sai Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare. Dalilin da ke cikin hadisin shi ne wanda likitoci ke faɗa yau, zinare ba ya lalacewa a jikin mutum. A mazhabar Malikiyya da akasarin mutanenmu ke bi, Muhtasar na Halil ya ambaci hanci da ɗaure haƙori cikin abubuwan da aka keɓe wa namiji daga hanin.

Saɓanin na zamani a kan lalura yake. Wasu malamai na ganin tunda an samu tangaran da zirkoniya da farin ƙarfe, lalurar ta kau, namiji ya nemi waɗannan. Wasu na ganin in likita amintacce ya ce zinare ne ya fi dacewa da wannan haƙori, halaccin na nan. Ga mata ba a jayayya kan zinaren kansa, maganar da ake tayarwa ita ce ta goge lafiyayyen haƙori don ado, da almubazzaranci, da tsoron riya. Alwala da wanka ba su da matsala, domin kurkure baki sunna ne a Malikiyya. In mai haƙorin ya rasu, abin da malamai da yawa ke cewa shi ne a cire in zai fita cikin sauƙi tunda dukiyar magada ce, in kuwa sai an wulaƙanta gawa a bar shi.

Ga mai niyya da wanda ya riga ya saka

Wanda likita ya ce turminsa na buƙatar hula, yana da haƙƙin ya tambayi sunan gaurayen da za a yi amfani da shi, kashi nawa ne zinare, giram nawa, akwai nikel ko babu, kuma a ina za a yi zubin, a rubuta masa a takardar biya. Masu zubin zinare sun yi ƙaranci domin yawancin aiki ya koma zirkoniya da farin ƙarfe, don haka hannun mai aikin ya fi sunan ƙarfen muhimmanci. Zinaren da aka zuba ba daidai ba bai kai farin ƙarfen da aka zuba daidai ba.

Hajiyar da nata ke zaune lafiya, ba jini ba wari ba motsi, ba a ce ta garzaya a cire ba. Ta riƙa bin gefen dasashin da asuwaki ko buroshi mai laushi, ta sa zaren sakace tsakanin haƙoran, ta bari likita ya duba bakin kwanson ko da sau ɗaya a shekara. In akwai jini, ko ɗanɗanon ƙarfe, ko baƙin layi a gindi, ko tsami in an sha ruwan sanyi, lokacin zuwa asibiti ya yi, kuma kada a bari maƙeri ko wanzami ya ɓamɓare shi da ƙarfi, domin haƙorin na iya biyo kwanson. Likita yanka shi yake yi ya buɗe. In an goge haƙorin sosai tun farko, ba zai zauna tsirara ba, sai an yi masa sabuwar hula, don haka a shiga da shirin kuɗin aiki biyu. Kwanson da aka cire kuwa, in zinaren gaske ne, na mai haƙori ne. A karɓe shi a kai wa maƙeran zinare su gwada su auna, a farashin yau yana iya rage wani abu daga kuɗin sabuwar.